Ƙoƙon Gwiwa da Ƙaguwa

A wani gari da ke arewa da Maraɗi akwai wani dattijo mai bi wanda kowa ke kira Baba Likita, ko da yake shi kansa bai yarda da sunan ba. In an kira shi haka sai ya ce shi ma'aikacin jinya ne kawai. Ya wanke gyambo, ya yi allura, ya yi tafinta tsakanin marasa lafiya da likitocin mishan shekara talatin da ɗoriya, sa'an nan ya huta. A ɗakinsa akwai littafi biyu da ba a ɗora musu kome a bisa. Ɗaya Littafi Mai Tsarki ne. Ɗayan kuwa wani tsohon ƙamus ne na Ingilishi, bangonsa ya rabu har an ɗaure shi da tsumma, irin ƙamus ɗin nan da ke faɗin ma'anar kalma, ya kuma faɗi inda ta fito.

Wani zai yi mamakin abin da ya kawo ƙamus na Ingilishi ƙasar Nijar, inda a wancan lokaci lakwal da ofis duka da Faransanci ake yi. Dalilin shi ne, da yawa cikin masu bishara da suka buɗe ɗakunan magani a wannan yanki daga Amurka da Kanada da Ingila suka zo. Da mutanen gari Hausa suke yi, da hukuma Faransanci, amma in sun tsaya a bakin gadon mai ciwo suna shawara, sai su koma harshensu. Yaron da ke riƙe musu fitila yana ji.

Shi ne yaron nan. Ya shiga aiki da ɗan karatun lakwal kaɗan, yana shara yana tafasa allurai. Kalmomin da yake ji daga bakin likitoci sun yi masa kama da karatun masu asiri, dogaye, masu nauyi, ba a san kansu ba balle ƙafarsu. Ya haddace su ɗaya ɗaya. Da ya ga ya iya furta su, sai girman kai ya shiga. Shi da bakinsa yakan ba da labari cewa a kwanakin nan yana jin daɗin ya dubi manomi ya jefa masa kalmar da bai taɓa ji ba, ya ga idon mutumin ya raina fata. A ganinsa a lokacin, wannan tsoro shi ne alamar ana girmama shi.

Ran nan aka kawo wani mutum da sa ya harba a gwiwa. Likitar, wata mace ce dattijuwa, ta taɓa wurin ta ce ƙashin da ake kira patella ya tsage. Sai ta juya ta tambayi yaron, “Ku me kuke ce da wannan ƙashi da Hausa?” Ya yi shiru, gama yana jin kunyar sunan. Ya ga kamar maganar ƙauye ce, ba ta isa a faɗe ta kusa da patella ba. Da ta matsa masa, ya ce a hankali, “Ƙoƙon gwiwa.” Ta tambayi ma'anar ƙoƙo, ya nuna mata wanda matar mai ciwon ta kawo fura a ciki. Sai ta yi dariya har ta dafa gado. Ta ce masa patella, a harshen Romawa na dā, wato Latin, ƙaramin kwano ne marar zurfi da ake zuba abinci. Ashe mutumin Roma da Bahaushe sun dubi ƙashi guda, kowa ya tuna da abin da ke cikin madafar uwarsa.

Sa'ad da likitar za ta koma gida ta bar masa ƙamus ɗin. Tun daga nan ya zama masa kamar ciwo. Duk kalmar da ya ji da rana, da dare sai ya kunna fitila ya bi sawunta.

Abin da ya samu ya ba shi dariya, ya kuma ba shi kunya. Tsokar da suke kira muscle, asalinta ɗan ɓera ne, domin in mutum ya murɗa damtsensa za a ga abu yana gudu a ƙarƙashin fata. Ƙashin ƙugu da suke ce wa pelvis, daro ne. Dogon ƙashin ƙwauri, tibia, sunansa ɗaya da sarewa. Ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, clavicle, ɗan mabuɗi ne. Ya ɗauki waɗannan ya jera su kusa da namu, allon kafaɗa, idon sawu, ƙoƙon kai, sha-raɓa, ya ga ba wanda ya fi wani wayo. Yakan ce in gaskiya za a bi, wanda ya fara cewa sha-raɓa ya fi su duka lura, gama sai mai sammakon zuwa gona ya san wane sashe na ƙafa ne ciyawa ke jiƙawa da asuba.

Sunayen hanji su ne suka fi tsaya masa a rai, domin a cikinsu ana ganin hannun mutumin da ya fara buɗe ciki. Farkon ƙaramin hanji, wanda ke karɓar abinci daga tumbi, sunansa duodenum, wato goma sha biyu. Masu binciken dā ba su da ma'auni a hannu, sai suka jera yatsu a kansa suka ga faɗin yatsa goma sha biyu ne, abin da yau za a ce wajen santimita 25. Wanda ke biye da shi jejunum, wato mai azumi, domin in an buɗe gawa akan same shi ba kome ciki. Can gaba akwai caecum, makaho, gama kamar lungu yake wanda bai ɓulle ba. Baba Likita ya ce mahaucin kasuwarsu, da an ba shi aikin sa suna, da abin da zai yi ke nan.

Ba dukan sunayen ne suka faɗi gaskiya ba, wannan ma ya koya. Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ana kiranta artery, kalmar da Helenawa ke amfani da ita ga hanyar iska. Sun buɗe matattu sun tarar da waɗannan jijiyoyi wayam, sai suka ɗauka iska ke bi ta cikinsu. Wani likita mai suna Galen, mutumin Birgamas, garin nan da aka ambata cikin ikkilisiyoyi bakwai na Wahayin Yahaya, shi ya nuna a ƙarni na biyu cewa jini ne a ciki. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jinin ke fita daga zuciya ya kewaya ya komo. An gyara ilimin, sunan kuwa ya zauna da kuskurensa har yau. Haka ma malaria. Da harshen Italiya ma'anarta mugunyar iska, domin sun zaci tururin fadama ke kawo zazzaɓin. Palu da ake faɗi a nan, daga Faransanci, ita ma fadamar take zargi. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin marasa lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta cikin sauro a Indiya. Saboda haka mai cewa zazzaɓin cizon sauro ya fi mai cewa malaria kusa da gaskiya.

Akwai wanda yakan kawo a makarantar Lahadi, yara su yi ta taɓa wuyansu. Zakaran wuya da Ingilishi Adam's apple ne, tuffar Adamu, wai guntun ɗan itacen da aka hana ne ya maƙale masa. Sai ya sa su buɗe Farawa sura 3 su nemo masa inda aka ce tuffa. Ba sa samu, gama Nassi bai faɗi irin itacen ba. A Latin kalmar mugunta da kalmar tuffa rubutunsu ɗaya ne, malum, ana kuma tsammani wannan ya taimaka wajen ɗora wa tuffa laifin.

Amma kada a ce kullum Hausa ke cin nasara a wurinsa. Ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, Turawa suka ce uvula, ɗan ƙaramin inabi. Mu muka ce belu, muka kuma ce hakin wuya. Baba Likita yana ƙin wannan suna na biyu ƙwarai. Haki abu ne da ake cirewa a yar, shi kuwa ya ga jarirai da yawa da aka kawo bayan an cire musu shi, waɗansu jini ya ƙi tsayawa, waɗansu wurin ya ruɓe sun kasa shan nono. Yakan ce wa iyaye mata Allah bai shuka ciyawa a wuyan ɗan kowa ba. Ko sunan ne ya haifi al'adar, ko al'adar ce ta haifi sunan, shi dai ya fi so a kira abin inabi a bar shi inda yake.

Da ya bar aiki ya kama garka a bayan gari, ƙamus ɗin ya bi shi can. Nan ya tarar masu ilimin tsiro ma daga tsakar gida suka kwaso kalmominsu. Abin da ke tsaye a tsakiyar fure, wanda shi ke zama ɗa, pistil suke ce masa, asalinsa taɓarya. Ƙurar nan rawaya da ke manne wa ƙudan zuma, pollen, lallausan gari ne. Siraran da ke ɗauke da ƙurar, stamen, zaren masaƙa ne. Ya kira matarsa ya buɗe mata furen kabewa ya ce, “Dubi, ga taɓaryarki, ga garinki.” Da wannan ya bayyana mata abin da ya sa rabin furannin kabewa ke faɗuwa ba su yi ɗa ba. Masu gari daban suke, masu taɓarya daban, sai ƙudan zuma ya yi jigila tsakaninsu. Ta ce ita ta daɗe da sanin waɗansu maza ne waɗansu mata, ba ta bukaci littafi ba.

Furannin Turai da bai taɓa gani da ido ba, ya san su ta wurin sunansu. Daisy idon rana ne, domin yana buɗewa da safe ya rufe da yamma. Dandelion haƙorin zaki ne, aro daga Faransanci, saboda bakin ganyensa. Tulip kuwa daga kalmar Turkawa ta rawani ya fito. Wanda ya tashi yana jin nonon kurciya da haƙorin maciji da rai-ɗore ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya taɓa tare wani saurayi da ya dawo hutu daga makarantar tauhidi yana tafiya da ƙyar saboda ilimi, ya gaya masa seminary asalinta fangalin da ake yafa iri kafin a dasa. Ya ce, “Ɗana, kai dashe ne tukuna.”

Wuri ɗaya ne ransa ya ɓaci. A gonarsa akwai gawo babba, itacen da kowane manomi a ƙasar nan ya san darajarsa, mai zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da bisashe. Ya nemi sunansa na littafi ya ga Faidherbia albida. Albida fari-fari ne, wannan ba laifi. Amma Faidherbia sunan Louis Faidherbe ne, sojan Faransa da ya zama gwamnan Senegal a 1854, wanda ya ci ƙasashe da bindiga. Ɗorawa kuma Parkia, don tunawa da Mungo Park da ya iso bakin kogin Kwara a 1796. Kuka ita ce Adansonia digitata, rabi sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal, rabi kuma mai yatsu, saboda ganyenta. Ya ce itatuwan da kakanninsa suka ci suka sha a ƙarƙashinsu an yi musu suna ba a gayyaci masu gida ba.

Daga baya ya sauko kaɗan, ko da yake bai sauko duka ba. Ya yarda tsarin suna biyu da Linnaeus na Suwidin ya kafa a 1753 yana da amfani, gama itace guda a nan zogale ne, can zogala-gandi, can kuma bagaruwar Makka, mai haɗa magani kuwa dole ya tabbata abu ɗaya ake nufi. Ya kuma ji daɗi da ya sami labarin wani likita, J. M. Dalziel, wanda ya bi ƙasar Hausa yana tambayar mutane, har ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa a 1916. Wannan dai, in ji shi, ya yi sallama kafin ya shiga.

Duk wannan wasa ne mai daɗi, har ranar da kalma ta zo gidansa.

Matarsa ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Da yake ba ya ciwo, ta yi shiru da shi damina biyu, ita matar ma'aikacin jinya. Sa'ad da ta faɗa, fatar wurin ta riga ta canja. Aka yanki ɗan kaɗan aka aika birni don a duba. Takardar ta dawo da Faransanci, amma kalmar ɗaya ce a harsunan biyu, carcinome a nan, carcinoma a can. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta, ya sa a aljihu.

Ƴaƴansu suka taru a zaure suka ce kada a gaya wa Inna. A ce mata ƙari ne kawai, za a cire. Ya san wannan hanya sarai, gama shekara talatin yana binta. Sau nawa likita ya faɗi magana mai nauyi, shi kuma a matsayin tafinta ya juya ta ta zama “sai a yi ta addu'a, za a ji sauƙi”? Sau nawa ya ɓuya a bayan kalmar Turawa, ya faɗe ta yadda take don ya san ba za a gane ba? Yaron da ke tsorata manoma da patella ya tuba tun da daɗewa, amma ya gane akwai sauransa a cikinsa, yanzu tausayi ya sa masa riga.

Kwana uku bai ce kome ba. A dare na uku tana zaune a bakin gado, ta rufe Littafinta ta ce, “Malam, shekara arba'in kana cika mini kunne da ɓera da taɓarya da hanji mai azumi. Yau an rubuta kalma a kaina, ka sa ta a aljihu ka yi shiru. Ita ba ta da asali ne?”

Ya zauna. Ya ce tana da shi. Ya ce da Helenanci, harshen da Luka likita ya rubuta Bishararsa da shi, karkinos ƙaguwa ce, da Latin kuma cancer, ita ce dai ƙaguwar. Tun zamanin Hippocrates, wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, likitoci ke kiran ciwon haka. Galen ya ce a nonon mace ya ga dalilin sunan, ƙullutu a tsakiya, jijiyoyi sun kumbura sun miƙe kewaye da shi kamar ƙafafu.

Ta yi shiru. Ta san ƙaguwa tun tana yarinya a bakin gulbi. Ta ce, “Sankara ke nan.”

Ya ce, “Ita ce.”

“Ƙafafun sun kai ina?”

Ya ɗauki hannunta ya kai shi hammatarta, inda kaluluwa ta taso. Ya gaya mata abin da za a iya yi da abin da ba za a iya ba, da Hausa, bai sa kalmar Turawa ko ɗaya ba. Ya gaya mata da an zo tun ƙullutun yana kamar ƙwayar gyaɗa, da maganar ta bambanta. Wannan ne ya fi yi masa wuyar faɗi, gama ya ji kamar zargi ne, alhali kuwa kansa yake zargi. Suka yi addu'a. Ita ta yi, shi ya kasa.

Sanin cewa cancer ƙaguwa ce bai rage mata zafi ko na dare ɗaya ba, Baba Likita kuwa ba ya yarda a faɗi labarin kamar ya rage. Abin da ya yi kaɗan ne. Ya ba mutumin da bakinsa ya kulle wurin da zai fara magana. Ita kuma ta sami abin da za ta riƙe. Kafin a yi mata aiki ta je taron zumuntar mata, ta tsaya a gaba ta ce musu akwai ƙaguwa mai shiga nono ba ta cizo da fari, kowace ta taɓa nata in tana wanka, wadda ta ji abu kada ta jira damina. Mata suka sunkuyar da kai don kunya, gama ba a saba jin irin wannan a majami'a ba. Amma a makon nan biyu daga cikinsu suka zo zauren Baba Likita da dare suna tambayar ina ake zuwa.

A asibiti, bayan aikin, ta ji wata likita baƙuwa tana nuna ta tana cewa patient. Ta tambaye shi wannan kuma fa. Ya ce haka suke kiran duk mai jinya, asalinta kuwa mai shan wuya, mai jurewa, ita ce kuma kalmarsu ta mai haƙuri. Ta ce, “To, ba su ji ni daren jiya ba.”

Ta yi shekara ɗaya da ƴan watanni bayan wannan. Ta raba kayanta da hannunta, ta biya bashin da ke kanta, ta shirya da wata ƙanwarta da suka daɗe ba sa magana. Aka binne ta da rani, gawo yana kore.

Yanzu idon Baba Likita ya yi yana, ƙananan baƙaƙen ƙamus sun fi ƙarfinsa. Jikarsa ta gama lakwal, ta sami shiga makarantar jinya a Nijeriya, inda duk karatun da Ingilishi ne. Ta zo sallama tana kuka, ta ce an nuna mata littafin shekarar fari, kalmomin ciki ko furta su ba ta iya ba. Ya sa aka ɗauko ƙamus ɗin ya kwance tsumman ya ɗora mata a cinya.

Ya ce, “Amaryata, matso nan. Dubi cikin idona, tsakiyar baƙin. Me kika gani?”

Ta ce, “Kaka, yana na gani.”

“Wancan idon ne. Dubi wannan.”

Ta matso har numfashinta yana taɓa fuskarsa. Ta ce, “Na ga wata ƴar mitsitsiyar yarinya da kallabi.”

Ya ce ita ce pupil. Romawa sun ce pupilla, ƴar yarinya, ƴar tsana, domin abin da suka gani ke nan da suka leƙa idon juna. Ibraniyawa kuma suka ce ishon, ɗan ƙaramin mutum, ita ce kalmar da ke cikin Zabura 17:8, inda namu ya ce ƙwayar ido. Ya ce ta buɗe wajen harafin p ta gani ko ƙarya yake yi.

Ta share hawaye da bakin zane, ta fara juya shafi. Gefen kowane shafi cike yake da rubutunsa na fensir, Hausa a kusa da Ingilishi, waɗansu sun dushe. Ta wuce patella, ta wuce patient, ta wuce pelvis, tana bi da yatsa.